Iska ce, amma ba waccan iskar ba

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun yana da tsawo, ku yi haƙuri. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana, ya karanta idan ya samu sarari. Na daɗe ina son yin wannan magana ina jin nauyi, sai abin da ya faru daren Talatar da ta wuce ya sa na ce to, bari dai a faɗa.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare muna karatun dare a wani tsohon ɗakin lakca, sai ga wani da gudu ya zo kirana, wai wani ƙanenmu ɗan aji ɗaya ya faɗi. Ba zan ambaci sunansa ba, kuma waɗanda suka san shi don Allah kada a nuna shi a komen. Sai da na nemi izininsa kafin na rubuta wannan. Da na isa na tarar da shi zaune a ƙasa ya jingina da bango, yana haki kamar wanda ya yi tsere da babur, ido a waje, yatsun hannunsa sun ƙage sun lanƙwashe ciki. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Yaya, mutuwa zan yi. Ƙirjina. Ba na jin bakina." Mutum sun fi goma a kansa. Wannan yana masa fifita da handawut, wancan ya fasa fiya wata zai kwara masa, wani yana cewa a nemo mai ruƙya, wata 'yar ajinsu Bayarabiya tana gefe tana ta addu'a da yarensu, Allah ya saka mata. Ɗaya daga cikinmu har ya ciro waya zai kira mahaifin yaron. Ƙarfe ɗaya na dare fa, a kira dattijon da ke nisan tafiyar yini da kwana a mota a ce masa ɗanka ya faɗi. Me ake so ya yi?

Muka ɗauke shi zuwa kilinik. Nas ta maƙala masa abin nan na yatsa, iskar oksijin ɗin jininsa ta nuna lafiya lau. Aka auna hawan jini da suga, likita ta saurari ƙirjinsa da zuciyarsa. Sai ta ja kujera ta zauna gabansa, ta kore mu gefe, ta ce ya dube ta ya riƙa numfashi tare da ita a hankali. Cikin kamar minti goma sha biyar yatsun suka saki. Sannan ta fara tambaya: yaushe rabonka da barci, me ka ci, me ka sha? Kwana biyu bai yi barcin kirki ba, tun safe biredi kaɗai ya ci, ya sha gwangwani uku na lemon ƙara kuzari da kofi a kai, ga jarrabawa ƙarfe takwas na safe, a kwas ɗin da kowa ke tsorata 'yan aji ɗaya da shi.

Ya rubuta jarrabawar. Sai dai kashegari labari ya riga ya kai gida, kuma wani kawunsa ya yanke hukunci: jifa aka yi masa, ya tattaro kayansa ya dawo, karatun Kudu ba nasa ba ne. Yaron da ya sha wahalar JAMB sau biyu kafin ya samu gurbin nan. Abin da ya tayar mini da hankali ke nan, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ni ɗalibin fiziyoloji ne, wato ilimin yadda sassan jiki ke aiki, ina aji huɗu. Ba likita ba ne ni, kada wani ya ɗauki rubutuna a matsayin takardar asibiti. Amma abin da ya samu ƙanen nan namu yana cikin abin da ake koya mana tun aji biyu, kuma ni kaina na ɗanɗana irinsa.

A ajina na biyu na yi kusan wata uku ina jin kamar an ɗora mini bulo a ƙirji. Wuyana da kafaɗuna kullum a sage, kai yana sarawa da yamma, ina yawan hamma ko ba barci nake ji ba, kuma sai in ji kamar numfashina bai kai inda ya kamata ya kai ba. Na yanke wa kaina hukuncin olsa, na sha magungunan kemis har na gaji. Na koma na ce zuciya ce. Da na je aka duba ni aka ce babu komai sai na ji haushi, don gani nake an raina ciwona. Ranar da na gane bakin zaren, a ɗakin gwaji ne, muna ƙirga numfashin junanmu. Abokin aikina ya dube ni ya ce, "Malam, kai da kafaɗa kake numfashi." Ya ƙirga mini 23 a minti ɗaya, ina zaune ban yi aikin komai ba.

Baligi mai lafiya idan yana zaune yana numfashi ne tsakanin sau 12 zuwa 20 a minti. Ko a kan 12 ɗin ka tsaya, sama da sau 17,000 ke nan a kwana ɗaya. Babban mai wannan aiki wani faifan tsoka ne da ya raba ƙirji da ciki, a aji muna ce masa dayafaram. Idan ya sauka ƙasa sai huhu ya buɗe, iska ta shiga, ciki ya ɗan turo waje. Dubi jariri yana barci, cikinsa ne ke hawa da sauka. Haka aka halicce mu. Tsokokin wuya da na kafaɗa 'yan taimako ne, na ranar gudu ko ɗaukar kaya mai nauyi. Numfashi sama-sama shi ne ka bar babban ma'aikaci yana zaman banza, ka ɗora wa 'yan taimako aikin dare da rana. Dole wuya ya yi ciwo.

Ga wani lissafi da ya buɗe mini ido. Shaƙa ɗaya ta mai hutawa kusan mililita 500 ce, wato daidai ledar fiya wata ɗaya. A ciki, kusan mililita 150 ba ta kaiwa inda ake musayar iska da jini, a hanci da maƙogwaro da bututun iska take tsayawa ta dawo. Wanda ke shaƙar 500 sau 12 a minti ya ja mililita 6,000, kuma 4,200 sun kai inda ake buƙata. Wanda ke shaƙar 250 sau 24 shi ma 6,000 ya ja, amma 2,400 kacal suka isa. Ya ninka wahala, ya samu abin da bai kai kashi biyu cikin uku na ɗan uwansa ba. Kamar mai ga-ruwan da ke zirga-zirga da jarka mai huji.

A nan sai na gyara wani abu da na ga ana yaɗawa a bidiyoyin TikTok, wai numfashi sama-sama yana hana ƙwaƙwalwa oksijin har ta lalace. Ga matashi mai lafiyar huhu abin bai kai nan ba. Jiki ba ya yarda a yi masa haka, sai ya ƙara sauri, ya sa ka hamma, ya sa ka ajiyar zuciya, ya cike giɓin. Ajiyar zuciya ma kanta aiki take yi: mutum yana yin ta kusan duk minti biyar ba tare da ya lura ba, ita ke sake buɗe 'yan ƙananan jakunkunan iska na huhu da suka fara lafewa, waɗanda yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Don haka oksijin yakan zauna daidai. Kuɗin da kake biya shi ne gajiya, ciwon wuya, da jikin da kullum yake cikin shirin ko-ta-kwana.

Wannan shirin ko-ta-kwana shi ne zuciyar maganar. Idan mutum ya hango haɗari, jiki yana sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma ƙirji ya yi sauri, tsoka ta ɗaure, duk don ka gudu ko ka kare kanka. Rahama ce idan kare ne ya biyo ka. Matsalar ita ce jiki bai san bambancin kare da jadawalin jarrabawa ba. Kuma hanyar nan zuwa da dawowa ce: tsoro yana gajarta numfashi, gajeren numfashi mai sauri kuma yana kai wa ƙwaƙwalwa rahoton cewa har yanzu akwai haɗari. Sai su riƙa ciyar da juna.

To me ya ƙage yatsun ƙanenmu? Nan ne mutane da yawa ke yin mamaki. Abin da ya fi tura mu yin numfashi shi ne yawan iskar kabon dayoksaid a jini, wadda muke fitarwa. Mun ɗauke ta shara, alhali jiki yana buƙatar wani adadi nata. Idan firgici ya kama mutum ya shiga haki da sauri ba tare da yana gudu ba, sai ya zubar da ita fiye da kima. Da ta yi ƙasa, jijiyoyin jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa sai su tsuke, jiri ya zo, gani ya dushe. Yanayin jinin ya ɗan sauya, sinadarin kalsiyam da jijiyoyi ke aiki da shi ya ragu na ɗan lokaci, sai ka ji minjirya a yatsu da gefen baki, kamar ana tsira maka ƙananan allurai, daga nan hannu ya ƙage. Har ila yau, tun 1904 wani masani ɗan ƙasar Denmark, Christian Bohr, ya nuna cewa idan kabon dayoksaid ta yi ƙasa, jini yana ƙara riƙe oksijin, ba ya sakinta ga sassan jiki da sauƙi. Shi kuma mai abin, da ya ji jiri da mutuwar baki sai ya tabbatar wa kansa ajali ne, ya ƙara haki, abin ya ƙara muni. Yana jin kamar iska ta yi masa kaɗan, alhali yawa ta yi masa.

Yanzu ku sake kallon hoton: mutum ya faɗi, ido a waje, hannu a ƙage, yana sambatu. Wallahi wanda ya tashi a garuruwanmu, abu na farko da zai zo masa shi ne iska. Ni ma da ban yi wannan karatu ba haka zan ce. Ba ina musun abin da addini ya tabbatar ba ne, kuma ban isa in hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. Abin da nake ƙi shi ne saurin yanke hukunci. A yi addu'ar a hanyar zuwa kilinik mana, me zai hana? Wanda aka ce masa iska ce ta taɓa shi, ka ba shi sabon abin tsoro da zai kwana da shi. Duk ranar da gabansa ya faɗi zai ce ga su nan sun dawo, numfashi ya tashi, abin ya maimaitu, jama'a su ce ai ga shi mun faɗa. 'Yan uwanmu mata sun fi shan wannan. Yarinya ta faɗi sau biyu a hostal, shi ke nan an liƙa mata suna, labari ya riga ta isa gida, wani lokaci har ya taɓa maganar aurenta. Na san wadda ta bar karatu a kan haka, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Wani zai ce ai kowane ɗalibi yana da damuwa, me ya sa kake ware 'yan Arewa? Gaskiya ne, jarrabawa ba ta san ƙabila ba. Tun bayan yajin aikin 2022 da ya cinye wata takwas, makarantu da yawa sun matse zangon karatu, abin wata huɗu a dunƙule shi a uku, kowa yana ji a jikinsa. Amma mu akwai ƙarin kaya a kanmu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota zuwa gida ya zama abin da sai an yi shawara, wasunmu sai su shekara ba su ga iyayensu ba. Wanda ya fito daga yankin da ke fama da 'yan bindiga, duk kiran da ya shigo daga gida sai gabansa ya faɗi kafin ya ɗauka. Da yawanmu mu ne na farko a gidanmu da muka zo jami'a, an sayar da buhun hatsi ko akuya an biya mana rajista, don haka kariyoba ɗaya a wurinmu kamar cin amana ce. Ga yaren da ba ka ji, ga abincin da sai a hankali, ga "aboki" da "malo" da ake jefo maka, wani da wasa, wani da gayya, kai kuma kana dannewa kana murmushi. Sai ranar da ka leƙa Sabo ka ci tuwo ka ji Hausa ta ko'ina, sannan ka ji kafaɗunka sun sauko. Ka taɓa lura da hakan? Ni na lura.

Sannan ga tarbiyyarmu. An koya mana haƙuri da kunya da dauriya, kuma abubuwa ne masu kyau da nake alfahari da su. Amma namiji a cikinmu ba ya iya buɗe baki ya ce ina jin tsoro, sai a ce rago ne, ko a ce imaninsa ne ya yi rauni. To abin da baki ya ƙi faɗa, ƙirji ne ke ɗauka. Bahaushe da kansa ya san haka, shi ya sa yake cewa abu ya tsaya masa a ƙirji, ko ya tokare masa maƙoshi.

Akwai kuma zamanmu na yau da kullum. Awa shida a kan benci marar majingina, ka dunƙule a kan littafi, ciki a matse, dayafaram ba shi da wurin sauka. Ka tashi daga nan ka koma kan waya, wuya a karye. Wata Ba'amurkiya mai suna Linda Stone, wadda ta yi aiki da Apple da Microsoft, ta yi rubutu a 2008 kan yadda ta lura mutane suna riƙe numfashi ko su gajarta shi idan suna duba saƙonni a kwamfuta. Lura ce tata, amma gwada ka gani: ranar da aka ce an saki sakamako, kana jiran shafin makaranta ya buɗe, duba ko kana numfashi. Haka idan ana tafka rigima a guruf ɗin WhatsApp na 'yan aji.

Abin da ya taimake ni ba shi da tsada, shi ya sa ma mutane ke raina shi. Ka ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Ka duba wanne ne ya fi motsi. Idan na sama ne, kuma kafaɗa tana ɗagawa, to ka gane inda kake. Sai ka shaƙa ta hanci a hankali ka bar ciki ya turo hannun ƙasa, kamar daƙiƙa huɗu, ka fitar a hankali kamar daƙiƙa shida, kamar mai hura koko mai zafi. Ba cika huhu fam ake so ba. Masu ce wa wanda ya firgita "ja numfashi da ƙarfi" ƙara masa ciwo suke yi. Abin da ake nema shi ne a hankali, a ƙasa, kuma fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Dalili kuwa, akwai wata doguwar jijiya da ake kira bagus, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya da ciki, ita ce birkin jiki. Duk lokacin da kake fitar da numfashi tana ɗan taka birkin, bugun zuciya ya ragu. Ka kama jijiyar wuyan hannunka ka yi numfashi a hankali, da yawanku za ku ji bugun yana ɗan sauri a shaƙa, yana lafawa a fitarwa.

A farkon 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun wallafa wani gwaji da suka yi da mutum sama da ɗari, minti biyar kullum har kusan wata guda. Cikin hanyoyin da suka gwada, wadda ta fi kyautata yanayin ran mutane ita ce mai kama da ajiyar zuciya: ka shaƙa ta hanci, ka ƙara 'yar ƙaramar shaƙa a kai, sannan ka saki a hankali ta baki har ta ƙare. Da na karanta sai na yi dariya, don irin numfashin da yaro ke yi ne bayan ya gama kuka. Gwaji ne ƙarami, ba wahayi ba, amma ya dace da abin da aka sani game da jiki, kuma ba ya cin ko sisi. Ni ina yin sa sau uku ko huɗu a ƙofar ɗakin jarrabawa, lokacin da ake caje mu.

Wani abin da na lura da shi a kaina, ra'ayina ne kawai: sallar da na yi da natsuwa da wadda na yi kamar kaza na tsattsagar dawa don in koma karatu, ba ɗaya nake fitowa daga cikinsu ba. Haka karatun Alƙur'ani da murya, ana jan madda yadda ya kamata, dole fitar numfashinka ta yi tsawo. Ba don wannan ake ibada ba, kada a juya mini magana. Amma sau biyar a rana muna da damar tsayawa cak, mu kuma a lokacin jarrabawa ita muke fara gutsurewa.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne sosai, don kada rubutuna ya zama sanadin cutar wani. Ba kowane ƙarancin numfashi ne damuwa ba, kuma ba aikinka ba ne kai ɗan hostal ka tantance. Karon farko da abu irin wannan ya samu mutum, kilinik za a kai shi, ko da kana da yaƙinin firgici ne. Mai asma da numfashinsa ke fito, inhelarsa za a nemo a tafi asibiti, ba darasin numfashi za a tsaya yi masa ba. Mai sikila, wadda ƙasarmu ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, idan ciwo ya kama masa ƙirji ko haƙarƙari yakan gajarta numfashi saboda zafi, kuma hakan na iya kai shi ga mummunan ciwon ƙirji mai kisa. Wannan gaggawa ce ta gaske. Haka zazzaɓi da tari da haki, ko leɓe ya sauya launi, ko ciwon ƙirji mai sauka hannu, ko suma, ko tarin da ya wuce mako biyu. Waɗanda ke zaune a gidajen haya a waje, idan ku biyu ko uku kuka tashi da ciwon kai da jiri a ɗaki ɗaya kuma akwai janareto kusa da taga ko a baranda, ku fita waje nan take. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari wadda ta sha kashe mutane cikin barci a ƙasar nan.

Kuma don Allah a daina toshe wa mutum baki da leda ko takarda wai ya shaƙi numfashinsa. Tsohuwar dabara ce da aka gani a fim, likitoci sun daina ba da shawararta, don idan asma ce ko zuciya ka ƙarasa shi. A rage taron jama'a, mutum ɗaya ya zauna gabansa ya yi masa magana da sanyin murya, ya yi numfashi a hankali tare da shi, wani kuma ya nemo abin hawa. Kwara ruwa da ihu da salati da ƙarfi a kansa, duk tabbatar masa suke yi cewa mutuwa ce ta zo.

Sai maganar da ba ma son yi. Wasu cikinmu, da damuwa ta yi yawa, sun koma neman sauƙi a kwalba da ƙwaya. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, bayan rahoton nan na BBC da ya girgiza mu duka, amma kowa ya san abin bai ɓace ba. Kodin da taramol suna danne cibiyar numfashi da ke ƙwaƙwalwa. Numfashi ya yi ƙasa-ƙasa, ya yi jinkiri, idan aka haɗa da maganin barci yana iya tsayawa gaba ɗaya. Wanda ka gani yana barcin da ba a iya tashinsa, numfashinsa da ƙyar, kada ka ce a bar shi ya huce don gudun tonon asiri. Gara a tona asirin yana raye. Shisha kuma da ake ɗauka ado ce, hayaƙin gawayi kake zuba wa huhun da kake roƙo ya ɗauke ka shekara sittin nan gaba. Lemon ƙara kuzari da kofi a kan yunwa, kun dai ji inda suka kai ƙanenmu.

Ban yarda da masu sayar da numfashi kamar maganin a-sha-yanzu-magani-yanzu ba. Numfashi ba ya biyan kuɗin makaranta, ba ya gyara hanyar gida, ba ya karanta maka kwas ɗin da ka yi wasa da shi tun farkon zango. Wanda damuwarsa ta kai ba ya barci makonni, ba ya cin abinci, ya daina jin daɗin komai, ko yana tunanin cutar da kansa, wannan likita yake buƙata da mutanen da za su tsaya masa, kuma yawancin makarantunmu suna da sashen ba da shawara da ba ma taka ƙafa a ciki saboda kunya. Abin da gyaran numfashi ke yi shi ne ya ba ka minti biyar na hankali a lokacin da hankalin ke neman guduwa. Wanda ya taɓa zama a ɗakin jarrabawa ya ga tambayar da ya sani sarai amma kansa ya ɗauke wuta, ya san darajar minti biyar ɗin nan.

Ina da roƙo ga shugabannin ƙungiyoyinmu na jihohi da na masallaci. Muna kashe kuɗi a ranar al'adu, a ɗinka kaya, a hau doki, a kira mai kiɗa, ba laifi. Amma a taron tarbar sababbin ɗalibai a ware ko rabin awa, a gayyato ɗaya daga cikin yayyenmu da ke ajin ƙarshe na likitanci ko nas, ya yi wannan bayani da Hausa. A rubuta lambar kilinik da ta motar asibiti a liƙa a masallaci da saman kowane guruf. A san masu asma da masu sikila a cikinmu, da yardarsu, don kada a tsaya tambaya ranar da abu ya faru. A kuma yi doka tsakaninmu cewa ba a kiran iyaye da tsakar dare sai an ji ta bakin likita. Sannan mu manya mu daina tsorata 'yan aji ɗaya da labarin malamin da ba a cin kwas ɗinsa. Mu muna faɗa muna dariya, su suna tafiya da shi ɗaki.

Shi dai ƙanenmu, jiya na yi waya da mahaifiyarsa kusan rabin awa. Na gaya mata abin da likita ta ce, ta yi shiru, sannan ta ce shi ma mahaifinsa yana yin irin haka lokacin da suna sabon aure, duk shekarar da damina ta yi gardama. Ta ce za ta yi magana da kawun, a bar shi ya gama jarrabawa tukuna. Saura masa takarda huɗu, ta gaba ranar Litinin. Na karɓe sauran gwangwanayen da ke ƙarƙashin gadonsa, kuma mun yi da shi ƙarfe sha biyu yana kwance.

Ranar Alhamis bayan isha'i zan zauna a barandar masallaci. Duk mai son in nuna masa abin hannu a ƙirji da cibiyar nan ya same ni, ba ya wuce minti goma. 'Yan uwa mata kuma na yi magana da wata yayarmu da ke karatun nas, ta ce za ta zagaya hostal ɗinku ranar Asabar da yamma.